Kansar furostet da ba ta yaɗu ba: Abin da ya kamata magidanci ya sani kafin ya zaɓi magani

Babu wata kansa da ta fi ta furostet kama maza a Najeriya. Ƙiyasin cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 an samu sabbin masu cutar sama da 18,000 a ƙasar, ta kuma yi ajalin fiye da 11,000. Mafi yawan masu ita ba sa isa asibiti sai ta riga ta kai ƙashi, lokacin da abin da ya rage wa likita shi ne ya danne ta, ya sauƙaƙa raɗaɗi.

Akwai kuma waɗanda ake gano tasu tun tana killace cikin furostet, ba ta fita ko'ina ba. Irin waɗannan su ne likita kan zaunar da su ya ce akwai hanyoyi uku, su zaɓi ɗaya: ko a yi tiyata, ko a gasa wurin da na'ura, ko a bar cutar ana sa mata ido. Magidanci da yawa kan ruɗe a nan, domin ya saba likita ne ke yanke hukunci. Dalilin ba shi zaɓi shi ne, ga mafi yawan masu wannan mataki, hanyoyin uku ba su da wani babban bambanci wajen tsawon rai. Inda suka sha bamban shi ne irin illar da kowace ke bari a jiki, da kuɗin da take ci, da ko mutum zai iya bin ta har ƙarshe a inda yake zaune.

Wace gaɓa ce furostet?

Furostet wani ƙululu ne mai kusan girman goro wanda maza kaɗai ke da shi. Yana zaune a ƙarƙashin mafitsara, gaban dubura, kuma bututun da ke fitar da fitsari ta tsakiyarsa yake ratsawa. Aikinsa samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. A gefensa biyu akwai siraran jijiyoyin da ke sa gaba ta miƙe, a ƙasansa kuma akwai tsokar da ke riƙe fitsari. Wannan cunkoso shi ne tushen duk wahalar zaɓin magani: da wuya a taɓa furostet da wuƙa ko da haske ba tare da maƙwabtansa sun ji a jikinsu ba.

A bakin jama'a da wasu kafafen labarai ana kiran cutar "kansar mafitsara", amma kansar mafitsara ta ainihi wata cuta ce dabam mai magani dabam. Haka nan kumburin furostet da ke zuwa da tsufa, wanda ke sa dattijo yawan tashi fitsari da dare ko fitsarin ya riƙa fita da ƙyar, ba kansa ba ne. Ana iya samun mutum ɗaya da duka biyun. Aikin da ake yi wa mai kumburi, ko na kankarewa ta bututun fitsari ko na buɗe mara, tsakiyar ƙululun kawai yake cirewa ya bar ɓawon, alhali a ɓawon ne mafi yawan kansar ke tsirowa. Saboda haka wanda aka taɓa yi wa "aikin furostet" bai tsira daga cutar ba, kuma irin wannan aiki ba ya warkar da kansa.

Lambobin da ke cikin takardar sakamako

Kafin a yi maganar magani, sai an san wace irin kansa ce, domin wata tana iya shekara ashirin ba ta motsa ba, wata kuma cikin 'yan shekaru take kai wa ƙashi. Abubuwa uku likitoci ke haɗawa su gane hakan.

Na farko shi ne PSA, wani sinadari da furostet ke fitarwa wanda ake aunawa a jini. Hawansa kaɗai ba ya tabbatar da kansa, domin kumburi, ciwon sanyin mafitsara, toshewar fitsari da sanya robar fitsari duk suna ɗaga shi. Magungunan rage kumburi irin finasteride da dutasteride kuwa suna sauke shi zuwa kusan rabi, don haka wajibi ne mai shan su ya gaya wa likita.

Na biyu shi ne makin Gleason, wanda ya samo suna daga Donald Gleason, likitan Amurka da ya tsara shi a shekarun 1960. Ana samun sa ne bayan an ɗebo gutsattsarin nama daga furostet da allura an duba a madubin ɗakin gwaji. Ana rubuta shi da lambobi biyu da jimillarsu, kamar 3+3=6 ko 4+3=7. Makin 6 shi ne mafi ƙanƙanta da ake bayarwa a yau, ko da yake wanda bai sani ba zai ɗauka ya haura rabin goma. Don kauce wa wannan ruɗani aka fito da sabon tsari mai rukuni biyar: makin 6 shi ne rukuni na 1, 3+4 rukuni na 2, 4+3 rukuni na 3, makin 8 rukuni na 4, makin 9 da 10 rukuni na 5. Lambar da ta zo farko ita ce nau'in ƙwayoyin da suka fi yawa, shi ya sa 4+3 ya fi 3+4 haɗari duk da jimillarsu ɗaya.

Na uku shi ne iyakar inda cutar ta kai. Likita kan taɓa furostet da yatsa ta dubura, sannan hoton MRI ya nuna ko ta huda ɓawon ko ta shiga jakunkunan maniyyi. Idan lambobin sun yi sama, ana ƙarawa da hoton ƙashi, ko CT, ko sabon hoton PSMA PET, don a duba kaluluwa da ƙasusuwa. Wanda PSA ɗinsa ya haura 20 ko makinsa ya kai 8, bai kamata a ce masa cutar ba ta yaɗu ba alhali ba a yi masa irin wannan hoto ba.

Daga waɗannan ake kasa masu cutar gida uku. Mai ƙaramin haɗari shi ne wanda PSA ɗinsa bai kai 10 ba, makinsa 6, ƙarin kuma ƙarami ne a cikin ƙululun. Mai matsakaicin haɗari shi ne mai PSA tsakanin 10 da 20 ko makin 7. Mai babban haɗari shi ne mai PSA sama da 20, ko makin 8 zuwa 10, ko wanda ƙarin ya fara leƙowa wajen ɓawo. Labarin tsohon shugaban Amurka Joe Biden, wanda aka sanar a watan Mayun 2025 cewa yana da makin 9 kuma cutar ta kai ƙashi, misali ne na matakin da ya wuce wannan bayani gaba ɗaya.

Shekaru da sauran lafiyar jiki

Tambaya ta gaba ba ta kansar ba ce, ta mai ɗauke da ita ce. Amfanin tiyata ko gashi ba ya bayyana sai bayan shekara goma ko fiye, illarsu kuwa tun makon farko ake jin ta. Don haka ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce, ana neman kawar da cutar gaba ɗaya ga wanda ake kyautata zaton yana da aƙalla shekara goma a gaba bisa ga shekarunsa da lafiyarsa. Ajali na hannun Allah, amma likita na iya gane cewa dattijo ɗan shekara 80 mai ciwon zuciya da ciwon sukari, wanda aka gano masa makin 6, ba wannan kansar ce babbar barazana gare shi ba. Ga irinsa, shawarar da aka fi bayarwa ita ce a bar shi ya huta, a riƙa duba shi lokaci zuwa lokaci, sai cutar ta fara damunsa a ba shi maganin danne ta. Ɗan shekara 55 mai ƙoshin lafiya da makin 4+3 kuwa lissafinsa dabam ne, domin cutar na da isasshen lokacin da za ta cim masa.

Hanya ta farko: sa ido

Sa ido tsari ne na jinkirta magani ga mai ƙaramin haɗari, da wasu masu makin 3+4, ba tare da an yar da damar warkewa ba. Ana auna PSA duk wata uku zuwa shida, likita na duba furostet aƙalla sau ɗaya a shekara, ana maimaita MRI, sannan ana sake ɗebo nama idan lokaci ya yi ko wani abu ya canja. Da zarar an ga alamar cutar na ƙara ƙarfi, sai a koma tiyata ko gashi. A Birtaniya, Amurka da ƙasashen Turai, wannan ita ce hanyar da ƙungiyoyin likitoci suka fifita ga mai ƙaramin haɗari.

Ribarta ita ce mutum na ci gaba da rayuwarsa da iyalinsa yadda ya saba, wataƙila har abada, wataƙila na wasu shekaru. Nauyinta kuma biyu ne. Allurar ɗebo nama ba ta taɓa ko'ina a ƙululun, don haka tana iya tsallake wani lungu mai muguwar ƙwaya. Wannan ne ya sa maimaita gwaji ya zama dole. Sannan akwai zaman zullumi, domin ba kowa ke iya barci da sanin akwai kansa a jikinsa ba.

Hanya ta biyu: tiyata

A wannan aiki ana cire furostet ɗungurungum tare da jakunkunan maniyyi, wani lokaci har da kaluluwar da ke kusa, sannan a ɗinke bututun fitsari da mafitsara. Ana yin sa ta hanyar buɗe mara, ko ta ƙananan huji da kyamara, ko da na'urar mutum-mutumi wadda likita ke sarrafawa. Majiyyaci kan yi 'yan kwanaki a asibiti, ya koma gida da robar fitsari na mako ɗaya zuwa biyu. Tun 1982, lokacin da Patrick Walsh na asibitin Johns Hopkins ya fara aikin da ke kiyaye jijiyoyin mazakuta, ana ƙoƙarin barin jijiyoyin idan ƙarin bai matso kusa da su ba.

Tiyata na da fa'idar cewa ana kai ƙululun ɗakin gwaji a san ainihin makin cutar da iyakarta. Bibiya ma tana da sauƙi, domin bayan makonni kaɗan PSA ya kamata ya sauka har a kasa ganin sa. Idan ya sake hawa zuwa 0.2, alama ce ta cewa akwai saura, kuma ana iya bin wurin da gashi.

Illolinta su ne ɗigar fitsari da raunin mazakuta, waɗanda suka fi tsanani a watannin farko. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa maza ba: bayan aikin maniyyi ba zai ƙara fita ba, ko da gaba na miƙewa kuma ana jin daɗin saduwa, saboda haka haihuwa ta hanyar da aka saba ta ƙare. A al'ummar da namiji kan ƙara aure ya haihu yana da shekara sittin, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mai son haihuwa nan gaba na iya tambayar yadda ake adana maniyyi a cibiyoyin taimakon haihuwa kafin a taɓa shi.

Hanya ta uku: gashi da na'ura

Gashi, wanda likitoci ke kira rediyoterafi, shi ne harba haske mai ƙarfi kan furostet don kashe ƙwayoyin cutar. Ba a yanka, ba a kwantar da mutum, kowane zama 'yan mintoci ne, kuma ba a jin zafi lokacin da ake yi. A da akan yi zama 37 zuwa 39 cikin mako bakwai zuwa takwas. Wani babban bincike na Birtaniya mai suna CHHiP, wanda aka wallafa a 2016, ya nuna zama 20 cikin mako huɗu na yin aiki daidai da hakan. A 2024 wani binciken, PACE-B, ya nuna cewa ga masu ƙarami da matsakaicin haɗari ana iya kammalawa a zama biyar kacal, amma sai da na'ura ta zamani mai saiti sosai. Akwai kuma nau'in da ake dasa ƙananan ƙwayoyi masu fitar da haske a cikin furostet ɗin kansa.

Ga mai matsakaicin haɗari, sau da yawa ana haɗa gashi da allurar danne sinadarin maza, wato testosteron, na wata huɗu zuwa shida. Ga mai babban haɗari kuwa allurar kan kai shekara ɗaya da rabi zuwa uku. Kansar furostet da wannan sinadari take rayuwa, abin da Charles Huggins ya gano a 1941 har ya samu kyautar Nobel a 1966. Allurar, irin su goserelin, tana da nata nauyin: zafi da gumi masu tasowa kwatsam, mutuwar sha'awa, kasala, ƙiba, raunin ƙashi da hawan sukari. Yawancin waɗannan na raguwa a hankali bayan an daina.

Gashi bai cika jawo ɗigar fitsari kamar tiyata ba, amma yana iya taɓa dubura ya kawo gudawa, matsuwar bayan gida ko jini a ciki, da yawan fitsari mai zafi. Raunin mazakuta a nan a hankali yake shigowa cikin shekaru, kuma maniyyi na raguwa ƙwarai. Bayan gashi PSA ba ya ɓacewa tunda ƙululun na nan. Ana cewa cutar ta dawo idan ya haura mafi ƙanƙantar matakin da ya taɓa sauka da maki 2. Idan hakan ta faru, yin tiyata a wurin da aka riga aka gasa aiki ne mai wuya wanda likitoci kaɗan ke yi.

Dukkan hanyoyin biyu suna da shaidu sanannu. Nelson Mandela ya yi gashi na mako bakwai a 2001 yana da shekara 83, ya rayu har 2013. An yi wa Colin Powell tiyata a ƙarshen 2003 yana sakataren harkokin wajen Amurka, ya rayu har 2021. Dukkansu wata cuta ce dabam ta yi ajalinsu.

Abin da bincike ya nuna

Binciken da ya fi kowane amsa tambayar "wace hanya ta fi" shi ne ProtecT na Birtaniya. Tsakanin 1999 da 2009 an auna PSA na maza 82,429 'yan shekara 50 zuwa 69. Daga cikin waɗanda aka samu da kansar da ba ta yaɗu ba, 1,643 suka amince a raba su gida uku ta hanyar ƙuri'a: sa ido, tiyata da gashi. A 2023 aka wallafa sakamakon bibiyarsu na shekara 15.

Waɗanda kansar ta kashe su ne kashi 3.1 cikin 100 a rukunin sa ido, kashi 2.2 a rukunin tiyata, kashi 2.9 a rukunin gashi. Wato kusan 97 cikin kowane 100 ba su mutu da ita ba, ko wace hanya aka bi da su. Bambanci ya fito ne a yaɗuwar cutar: ta yaɗu a jikin kashi 9.4 na rukunin sa ido, kashi 4.7 na rukunin tiyata, kashi 5 na rukunin gashi. Kimanin shida cikin goma na 'yan sa ido daga baya sun yi tiyata ko gashi, yayin da kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka kai ƙarshen binciken da rai ba tare da an yi musu wani magani ba.

An kuma tambayi mazan halin da suke ciki. Wata shida da farawa, kashi 46 na rukunin tiyata na sanya ƙunzugu saboda ɗigar fitsari, a rukunin gashi kashi 5, a rukunin sa ido kashi 4. Bayan shekara shida adadin ya koma kashi 17, kashi 4 da kashi 8. Kafin a fara, kashi 67 na mazan ne ke da ƙarfin da ya isa saduwa. Bayan wata shida ya rage kashi 12 a rukunin tiyata, 22 a rukunin gashi, 52 a rukunin sa ido. Bayan shekara shida kuma 17, 27 da 30. Wannan na nuna cewa shekaru ma na cin rabonsu ko ba a taɓa mutum ba.

Inda ya kamata a yi hattara da waɗannan alƙaluma

Kusan duk mazan ProtecT Turawa ne, alhali cutar ta fi kama baƙar fata: a Birtaniya ana ƙiyasta cewa ɗaya cikin huɗu na baƙaƙen maza zai kamu da ita a rayuwarsa, a kan ɗaya cikin takwas na maza baki ɗaya. Kimanin kashi uku cikin huɗu na mazan binciken makin 6 ne da su, kuma gwajin jini ne ya tono cutarsu tun ba ta nuna wata alama ba. A Najeriya kuwa yawanci sai matsalar fitsari ta kai mutum asibiti ake ganowa, lokacin da ƙarin ya fi girma.

Wani tsohon bincike na ƙasashen Sikandinebiya, SPCG-4, ya fi kusa da wannan yanayi. An fara shi a 1989 da maza 695 waɗanda akasarinsu likita na iya jin ƙarin da yatsa, aka kwatanta tiyata da barin cutar sai ta dami mutum. A bibiyar da aka wallafa a 2018, waɗanda aka yi wa tiyata sun samu ƙarin kusan shekara uku na rayuwa a matsakaici. Darasin shi ne, gwargwadon ƙarfin cutar da ƙuruciyar mai ita, gwargwadon amfanin kawar da ita. Mai babban haɗari da ke da ƙoshin lafiya ba a ba shi shawarar sa ido.

Abu na ƙarshe shi ne, mazan ProtecT na ƙarƙashin tsarin lafiya na kyauta wanda ke kiran su gwaji a kan kari. Sa ido na aiki ne kawai idan ana zuwa gwajin. Wanda ya ji likita ya ce "ba sai an yi komai yanzu ba" ya tafi bai dawo ba sai bayan shekara huɗu da ciwon baya, ya yar da damar da gano cutar da wuri ta ba shi. Idan nisa ko rashin kuɗi za su hana mutum bibiya, gara ya faɗa wa likita gaskiya tun farko, domin hakan na iya canja shawarar.

Samuwar magani da kuɗinsa

Na'urorin gashi kaɗan ne a Najeriya idan aka kwatanta da yawan jama'a. A arewa, cibiyoyin da aka sani da sashen gashi sun haɗa da Asibitin Ƙasa na Abuja, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe, sannan a 2025 an buɗe sabuwar cibiya a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. A kudu akwai Ibadan, Legas, Enugu da Benin. A Nijar, a 2021 aka ƙaddamar da sashen gashi na farko a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai. Lalacewar na'ura da dogon layi matsaloli ne da aka daɗe ana kuka da su a faɗin yankin, kuma gashi ba a son a katse shi a tsakiya. Kafin a biya kuɗi, ya kamata a tabbatar na'urar na aiki, a san ranar farawa, a kuma tambayi inda za a tura mutum idan ta tsaya.

Ta ɓangaren tiyata, aikin cire furostet saboda kansa ya fi aikin kumburi wuya nesa ba kusa ba, kuma sakamakonsa ya danganta ƙwarai ga yawan yadda likitan ke yin sa. Na'urar mutum-mutumi na rage zubar jini da kwanakin asibiti, amma wani bincike da aka yi a Ostireliya bai ga ta fi aikin buɗe mara ba wajen riƙe fitsari da ƙarfin mazakuta. Wannan abin tunawa ne ga masu shirin sayar da gona ko gida don tafiya Indiya ko Masar. Mai fita waje ya dawo da cikakken rahoton aikin da na ɗakin gwaji, ya kuma san likitan da zai ci gaba da duba shi a gida, domin bibiyar ta shekaru ce.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lissafin kuɗi ya haɗa da hotuna, allurai na watanni ko shekaru, sufuri, masauki na mako huɗu zuwa takwas a wani gari ga majiyyaci da mai jinya, da gwajin PSA na bayan magani. Asusun tallafa wa masu kansa na gwamnatin tarayya, wanda cibiyar NICRAT ke kula da shi, ya shafi kansar mama, ta bakin mahaifa da ta furostet, kuma ta wasu zaɓaɓɓun asibitocin koyarwa ake neman sa. Mai inshorar lafiya ya nemi a rubuce abin da inshorar za ta biya da wanda ba za ta biya ba.

Abubuwan da ba sa warkar da ita

Allurar danne sinadarin maza ita kaɗai, ko cire 'ya'yan maraina, suna sauke PSA su kwantar da cutar na wani lokaci, amma ba sa kawar da ita. Wurinsu shi ne cutar da ta yaɗu, ko a matsayin rakiyar gashi. Wanda cutarsa ke killace kuma yake da ƙarfin jiki, idan aka ba shi wannan kaɗai, yana da haƙƙin tambayar dalili.

Babu wani sassaƙe, jiƙo ko ƙwayar ƙarin kuzari da aka tabbatar tana warkar da kansar furostet, duk da tallace-tallacen da suka cika rediyo da Facebook. Saboda cutar na tafiya a hankali kuma ba ta ciwo a farko, mai shan irin waɗannan kan ɗauka ya warke har lokaci ya ƙure. Magungunan ƙarfin maza da ba a san haɗinsu ba sun fi haɗari, domin duk wanda ke ɗauke da testosteron na iya rura cutar. Sabbin hanyoyi kamar ƙona ɓangaren ƙululun da sauti mai ƙarfi ko daskarar da shi, waɗanda wasu asibitocin waje ke tallatawa, har yanzu ba su da shaidar dogon lokaci irin ta tiyata da gashi.

Tambayoyin da za a tafi da su wurin likita

Mene ne PSA ɗin, mene ne makin Gleason, kuma a wane rukunin haɗari cutar take?

Wane hoto aka yi da ya nuna ba ta yaɗu ba?

Me zai faru idan aka zaɓi sa ido, kuma wane gwaji za a riƙa yi, a ina, a nawa?

Idan tiyata ce, sau nawa likitan ke yin wannan aiki a shekara, kuma za a iya kiyaye jijiyoyin?

Idan gashi ne, zama nawa, da wace irin na'ura, kuma wata nawa za a yi ana allura?

Idan cutar ta dawo bayan wannan magani, wace hanya ta rage?

Yana da kyau a ga likitoci biyu kafin a yanke shawara, likitan tiyatar mafitsara da likitan gashi, domin kowane ya fi sanin hanyarsa kuma yakan karkata gare ta. Neman ra'ayi na biyu ba raini ba ne ga likitan farko. Ga mai ƙarami ko matsakaicin haɗari, ɗaukar 'yan makonni ana tunani da shawara ba ya ɓata komai. Mai babban haɗari ne bai kamata ya ja lokaci ba.

Maganar ta shafi iyali kai tsaye. Raunin mazakuta da yankewar haihuwa abubuwa ne da mata za su rayu da su, kuma gidaje da dama sun fi shan wahalar ɓoye-ɓoye fiye da ta illar kanta. Akwai taimako ga yawancin illolin: motsa tsokar ƙugu na rage ɗigar fitsari, ƙwayoyi irin sildenafil da wasu allurai na taimaka wa wasu mazan bisa umarnin likita, kuma malaman fiƙihu sun yi bayanin sauƙin da aka yi wa mai ɗigar fitsari a babin tsarki da salla. 'Yan'uwa maza da 'ya'ya maza su ma ya kamata su sani, domin wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi cutar haɗarinsa ya ninka kusan sau biyu, kuma ana shawartar irinsa ya fara tattauna gwajin PSA da likita tun daga shekara 40 zuwa 45.